Mahaɗin nemo reshe: kurakuran da ke kai mai saye wani gari daban

Kamfanin da ke da rassa da yawa, kantin magani ne ko banki ko masu sayar da gas ɗin girki, yawanci yana da shafi a intanet inda mutum zai rubuta sunan garinsu, taswira ta nuna masa reshe mafi kusa. Mai kula da talla yakan so ya sauƙaƙa wa jama'a, sai ya tura mahaɗi, wato link, wanda aka riga aka cika: kana latsawa ka ga rassan Kano kaɗai, ko waɗanda ke da na'urar cirar kuɗi kaɗai. Dabara ce mai kyau, in dai mahaɗin ya ɗauko komai a jikinsa. Galibin matsalolin daga nan suke tasowa, domin abin da ya yi aiki a wayar mai turawa ba lallai ne ya yi a wayar mai karɓa ba.

Babban kuskure shi ne mutum ya yi bincikensa, ya ga sakamako ya fito daidai, sai ya kwafi adireshin da ke saman burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome, ya watsa a WhatsApp. Wasu shafuka suna rubuta abin da ka nema a cikin adireshin, bayan alamar tambaya, kamar haka: ?gari=Kano&nisa=10. Wasu kuwa a cikin burauzarka suke ajiye shi, adireshin na nan yadda yake. Gane bambancin ba wuya. Sauya garin daga Kano zuwa Katsina, ka zuba wa adireshin ido. In bai motsa ba, mahaɗinka fanko ne, wanda ka tura wa zai tarar da taswirar ƙasa baki ɗaya. Sai ka duba ko shafin na da maɓallin rabawa, in babu, ka nemi wanda ya gina shi ya sa ya riƙa karanta bincike daga adireshi. Sunayen nan na gari da nisa misali ne kawai. Kowane shafi da nasa, har babban baƙi da ƙarami wani shafin yana bambantawa.

Kada ka gwada a burauzar da ka saba aiki da ita, don ta riga ta san ka. Buɗe Incognito a Chrome, wato tagar sirri da ba ta amfani da bayananka na baya, ko ka ari wayar wani. Nan ne za ka gano wata matsalar: shafin ya nemi izinin sanin inda mai wayar yake, ya amince, sai inda yake tsaye ya danne garin da ka saita. Ɗan da ke Legas yana neman wa mahaifiyarsa kantin magani a Gusau, shafin na ta nuna masa Agege.

Sai sunayen wurare, kuma a ganina a nan aka fi yin sakaci. Ka sa Sabon Gari kawai, na Kano kake nufi ko na Zariya? Tudun Wada akwai a Kaduna, akwai a Zariya, akwai a Jos. Injin bincike zai zaɓi ɗaya ne, ba tare da ya tambaye ka ba. Haɗa unguwa da gari da jiha. A Nijar kuma, baki na cewa Damagaram, rumbun bayanan kamfani mai yiwuwa Zinder ya sani. Haka baƙaƙe masu lanƙwasa: in an shigar da reshen da sunan Kofar Mata, kai kuma ka rubuta Ƙofar Mata yadda ya kamata, wani shafin zai ce bai samu komai ba. Abin haushi ne, amma a cikin mahaɗi ka bi rubutun da ke rumbun, ka bar daidaitacciyar Hausa ga saƙon da mutane za su karanta. In shafin yana ba kowane reshe lambarsa, yi amfani da lambar, ka huta.

Masu gudun rikicin suna sukan koma ga lambobin taswira, su ma da nasu tarkon. Kano tana wajen 12.00 arewa, 8.52 gabas. Google Maps yana so a fara da ta arewa, amma tsarin GeoJSON, wanda masu gina taswira ke yawan amfani da shi, da ta gabas yake farawa. Ka juya su, wato 8.52 da 12.00, alamar za ta sauka can kudancin Adamawa, wajen Ganye. Ba wani saƙon gargaɗi da zai fito, tunda wurin ma yana nan a duniya.

Akwai alamomin da ke karya mahaɗi. Fili tsakanin kalmomi shi ne kan gaba: WhatsApp zai yanke mahaɗin daga nan, rabi shuɗi rabi baƙi. Sa %20 a madadinsa, Tudun%20Wada. Alamar & aikinta raba sharuɗɗa, don haka in tana cikin sunan shago a rubuta %26. Duk abin da ya biyo bayan # kuwa burauza ba ta aika shi ga uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, sai dai in an gina shafin ya karanta shi da kansa.

Tacewa ma ana wuce gona da iri. A sa Kano, a sa kilomita 2, a sa mai wurin ajiye mota, a sa wanda ke buɗe yanzu. Da rana kan teburinka rassa uku sun fito. Mai saye ya latsa bayan sallar isha'i, ya ga babu ko ɗaya, ya ɗauka ba ku da reshe a garin. Sharaɗin buɗe yanzu bai dace da mahaɗin da zai kwana yana yawo ba. Gari da nau'in hidima sun isa, sauran mai nema ya ƙara da hannunsa. A kuma duba ma'aunin nisa, don wasu manhajojin da aka gina a Amurka da mil suke lissafi, mil 10 kuwa ya haura kilomita 16.

In Google Maps kai tsaye za ka tura mutane, tsarin da kamfanin ya tanada shi ne google.com/maps/search/?api=1&query= sannan abin da ake nema. Kada a bar api=1, sai da shi ake karanta sauran, kuma kada tsawon mahaɗin ya wuce haruffa 2,048.

Wanda za a buga a takarda ko allon talla da lambar QR ya fi kowanne bukatar hattara. Ranar da aka sabunta shafin aka sauya sunayen sharuɗɗa, ko sabon adireshi ya riƙa zubar da abin da ke bayan alamar tambaya, allon da aka kafa a bakin titi ba ya gyaruwa. Buga gajeren adireshi na kamfaninku, kamar /kano a ƙarshen sunan shafinku, shi kuma ya riƙa miƙa mutane ga dogon mahaɗin. In tsari ya sauya, layi ɗaya za a gyara a uwar garke.