Idan Wuta, Ruwa ko Oksijin Suka Tsaya a Asibiti

Wannan darasi na ma'aikatan asibiti ne waɗanda ba likitoci ba: mai gadi, mai shara, mai tura keken majinyata, mai wanki, mai kula da janareta. Na mai jinya ne kuma, wanda ke kwana a gefen gadon ɗan'uwansa. Za mu koyi karanta agogon silindar oksijin, mu yi ɗan lissafi, mu rubuta rahoto a layi biyu. Kafin nan, bari mu san abin da ke riƙe da ran majinyaci a bayan bango.

Idan aka ɗauke wuta a gida, mutum yana lalubo tocila ne ya zauna jira. A asibiti babu jira. Ga jariri bakwaini a kwalba, kwalbar kuwa da wuta take ɗumi. Ga wanda na'ura ke yi wa numfashi. Ga wanda aka riga aka buɗe wa ciki a ɗakin tiyata. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin oksijin. Daga minti 4 zuwa 6 ta fara lalacewa. A shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Bankin Duniya da wasu hukumomi sun fitar da rahoton da ya nuna cewa mutane kusan biliyan 1 ne ke zuwa asibitocin da ko dai ba su da wuta sam, ko kuma wutar tasu ba abin dogaro ba ce.

Ɗaya yana jan ɗaya

Kayan ginin asibiti kamar sarƙa suke. Wuta ta tafi, injin tura ruwa zuwa tanki ya tsaya. Tanki ya ƙare, babu wanke hannu, babu dafa kayan tiyata, banɗaki ya toshe. Firijin jini da na alluran rigakafi sun fara hucewa. Na'urar da ke tace oksijin daga iska ta mutu. Lif ya maƙale, wataƙila da majinyaci a ciki. Matsala ɗaya ce ta faru, amma kafin gari ya waye ta haifi biyar.

Ku dubi abin da ya faru a birnin Niyok na Amurka a ƙarshen Oktoban 2012, lokacin guguwar Sandy. Asibitin Bellevue yana da janaretoci, an kuma ɗora su can hawa na 13 inda ambaliya ba za ta kai ba. Sai dai injinan da ke tura musu man dizal suna ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ruwa ya cika ɗakin, injinan suka tsaya. Janaretoci lafiyarsu ƙalau, amma babu mai. Ma'aikata suka jeru a kan matakala, daga baya sojoji suka shigo cikinsu, ana miƙa jarkokin mai hannu da hannu har hawa na 13. Sun yi iya ƙoƙarinsu, amma daga ƙarshe sai da aka kwashe majinyata kimanin 700 zuwa wasu asibitoci.

Na tsaya a kan wannan labari ne don in nuna muku inda ɓaraka take ɓuya. Ba kasafai take cikin babban injin da kowa ke gani ba. Tana cikin ƙaramin abin da babban ya dogara da shi: famfon mai, batir, fis, makunnin da ke sauya layi daga wutar gari zuwa ta janareta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don haka tambayar da za ku riƙa yi wa kowace na'ura ita ce: wannan da me ta dogara? In shi ya tsaya, me za mu yi?

Janareta

Samun janareta daban, tashinsa ranar buƙata daban. Cikin manyan abubuwan da ke hana shi tashi akwai mutuwar batir. Batir yana iya sanyi a hankali ba wanda ya sani, sai daren da aka ɗauke wuta a ji injin ya yi ƙas-ƙas ya yi shiru. Man dizal ma yana lalacewa in ya daɗe a ajiye. Ruwa yana taruwa a gindin tanki, dauɗa ta toshe matatar mai, injin ya tashi ya yi minti kaɗan ya mutu.

A Amurka, ƙa'idar asibitoci ita ce wutar janareta ta iso wuraren da rai ya dogara da su cikin sakan 10. Ana duba injin duk mako, ana kuma gwada shi duk wata na aƙalla minti 30 yana ɗauke da nauyi. Ku lura da wannan kalma, nauyi. Kunna janareta ya yi ta ruri shi kaɗai ba gwaji ba ne. Gwaji shi ne a sauya layi a ɗora masa fitilu da na'urori, a ga ko zai riƙe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga lissafinmu na farko. A ce tanki yana da lita 200, janareta kuma yana shan lita 10 a awa ɗaya. Raba 200 gida 10, ka sami 20. Ke nan man zai kai awa 20. In an duba an ga saura rabin tanki, awa 10 ta rage. Wanda ya iya wannan lissafi ba zai ce wa shugabansa "akwai mai" kawai ba. Zai ce "saura na awa 10", shugaba ya san ko zai aika neman mai yanzu ko sai da safe.

A asibitoci da yawa, soket ɗin da ke haɗe da layin gaggawa launinsa daban ne, galibi ja. Na na'urorin ceton rai ne. Ba wurin cajin waya ba ne, ba na butar dafa ruwa ba. In ka zo shara, kada ka zare filogin da ba ka san na mene ne ba don ka sa naka.

Oksijin

Haɗarin oksijin fuska biyu ne: ta yanke, ko ta tsiyaye inda ba a so. Watan Afrilun 2021 ya nuna wa duniya duka biyun a cikin kwana huɗu. Ranar 21 ga watan, a birnin Nashik na Indiya, babban tankin oksijin na wani asibiti ya yi yoyo, iskar da ke zuwa gadaje ta yanke, majinyata fiye da 20 suka rasu. Ranar 24, a asibitin Ibn al-Khatib da ke Bagadaza a Iraƙi, silindar oksijin ta fashe a sashen masu korona, gobara ta tashi, aƙalla mutum 82 suka rasu.

Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 ne oksijin. Ita kanta ba ta kamawa da wuta, amma in ta yi yawa a ɗaki, zanin gado da katifa da labule suna ci kamar an zuba musu fetur. Shi ya sa ba a shan taba, ba a ƙyasta ashana, ba a kawo kowace irin wuta kusa da ita. Ba a taɓa bakin silinda da hannu mai maiƙo, ba a shafa wa makunninta mai ko giris don ya yi laushi. Silinda ana ɗaure ta ne da sarƙa a jikin bango ko a kan kekenta, ba a jingine ta, ba a mirgina ta a ƙasa. Cikakku wurinsu daban, waɗanda suka ƙare wurinsu daban, kowanne da rubutu.

Yanzu ku kalli agogon da ke kan silinda. Allura ce a kan lambobi. In ta cika, allurar tana can sama. Tana raguwa, allurar tana sauka zuwa sifili, galibi akwai jan launi a kusa da ƙarshe. A ce silinda tana ɗaukar lita 600, an kuma sa wa majinyaci lita 5 a minti ɗaya. Raba 600 gida 5, ka sami minti 120, wato awa 2. In allura tana tsakiya, awa 1 ta rage. Ba a jira ta kai sifili. Da ta doshi ja, a faɗa wa nas, a kawo wata a ajiye kusa. Mai jinya kuwa, ina roƙonka, kada ka murɗa makunnin don ka ƙara wa naka iska. Yawan da aka sa masa magani ne, likita ne ya auna.

Ruwa, iska da firiji

Ruwan da ya kwanta a bututu yana haifar da cuta. Akwai ƙwayar cuta mai suna Lejiyonela, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a birnin Filadelfiya a 1976. Tana hayayyafa a ruwa mai ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 20 da 45 a ma'aunin Salshiyas, tana shiga huhu ta feshin ruwa kamar na shaya. Don haka ake ajiye ruwan zafi a digiri 60, ake kuma buɗe famfunan ɗakunan da ba a cika amfani da su ba duk mako, ruwan ya zuba na ɗan lokaci. Tanki a rufe shi ruf, a san kuma kwana nawa zai ɗauki asibitin in ruwa ya yanke.

Ƙofar ɗakin tiyata da ta ɗakin mai tarin fuka ba a tokare su a buɗe, domin an tsara inda iska za ta bi.

Firijin alluran rigakafi yana zama tsakanin digiri 2 da 8, na jini tsakanin 2 da 6. A karanta ma'aunin safe da yamma a rubuta. In wuta ta tafi, kada a yi ta buɗe ƙofarsa ana leƙawa.

Wanne za a fara gyarawa?

Kuɗi da ma'aikata ba sa isa a gyara komai rana ɗaya, dole a zaɓa. Ga hanya mai sauƙi. Ku ba kowace matsala maki daga 1 zuwa 3 sau biyu. Na farko, yaya yiwuwar faruwarta? Na biyu, in ta faru, yaya girman ɓarnarta? Sai ku ninka. Ƙwan fitilar sito yana yawan mutuwa, 3, amma ɓarnarsa kaɗan ce, 1. Ninki ya ba da 3. Tsohon batirin janareta yana iya mutuwa, 2, in ya mutu ana iya rasa rai, 3. Ninki ya ba da 6. Batir ne a gaba, ko da kowa ya fi ganin duhun sito.

Faɗa, sannan ka rubuta

Na taɓa gani a wani asibiti an liƙa filasta a bakin ƙararrawar wata na'ura don kukanta ya dami mutane. Har yau abin yana ci mini rai. Ƙararrawa ba ta kuka don ta hana ku barci, wani abu take faɗa. Wanda kuma ya fi kowa jin irin wannan kuka, ko warin waya mai ƙuna, ko ɗigar ruwa daga silin, shi ne mai shara da mai gadi, don su ne ke shiga kowane lungu. Shugaban da ke yi wa ƙaramin ma'aikaci tsawa in ya kawo rahoto, kansa ya cuta, gobe ba wanda zai zo masa da labari.

A ce kina shara da dare, sai kika ji "sssss" a jikin bango, inda ake jona bututun oksijin. Kada ki taɓa, kada ki kunna ko ki kashe wani makunni. Ki je wurin nas.

"Sista, don Allah zo ki ji. Bakin oksijin na gado na 4 yana huci."

"Tun yaushe?"

"Yanzu na ji, ƙarfe 2 da kwata."

Daga nan a buɗe tagogi, nas ta kira mai gyara. Rufe babban makunnin oksijin na sashe aikin wanda aka ɗora wa ne, domin akwai masu shaƙa a kan layin, sai an tanadar musu silinda tukuna. Sannan a rubuta a littafin rahoto: rana, lokaci, wuri, abin da aka gani, wanda aka faɗa wa. Kamar haka: "Talata, 2:15 na dare. Ɗakin mata, gado na 4. Bakin oksijin yana huci. Na faɗa wa nas mai aikin dare." Magana ta baki tana ɓacewa da canjin aiki, rubutu yana jiran masu zuwa da safe.

Aikin yi

Silinda mai lita 600, an sa wa majinyaci lita 2 a minti. Awa nawa za ta yi? Tanki mai lita 150, janareta yana shan lita 15 a awa. Awa nawa? Ku yi lissafin a littafinku.

Gobe in kun je aiki, ku nemo abin kashe gobara mafi kusa da inda kuke, ku karanta kwanan watan da aka rubuta a jikinsa. Ku nemo tocilar sashenku ku kunna ta. Ku kwafo lambar wayar mai gyaran wuta da manyan lambobi, ku liƙa inda za a gan ta ko da hasken tocila ne. Abin da kuka tarar, ku rubuto shi a layi biyu irin na sama, ku zo da shi aji mu karanta tare.