Yadda Mai Digirin Digirgir Zai Nemi Gurbin Bincike Daga Karkara

Wanda ya kammala digirin digirgir a fannin kimiyya ko injiniyanci, ya koma koyarwa a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko ta Aliko Dangote da ke Wudil, ya kamata ya sani cewa guraben bincike na bayan digirgir suna da wa'adi, kuma tun daga ranar kammalawa ake fara lissafi. Tallafin Georg Forster na Gidauniyar Alexander von Humboldt a Jamus, wanda aka keɓe wa masanan ƙasashe masu tasowa, yana karɓar sabon dakta ne cikin shekara 4 da gamawarsa, ya ba shi zaman wata 6 zuwa 24. Na Marie Curie da Tarayyar Turai ke bayarwa yana ɗaga ƙafa har shekara 8. Akwai kuma na TWAS, wato cibiyar kimiyya ta duniya mai tallafa wa masanan ƙasashe masu tasowa, wadda hedikwatarta ke Italiya.

Kafin cika kowace takarda, sai ka nemi mai masauki, wato farfesan da zai karɓe ka a ɗakin gwaje-gwajensa. Ka karanta aƙalla maƙalunsa biyu, sannan ka aika masa gajeriyar wasiƙa wadda ta nuna inda aikinka ya haɗu da nasa. Wasiƙa ɗaya da aka raba wa mutum hamsin ba ta samun amsa.

A nan ne nake ganin 'yan'uwanmu suna yi wa kansu asara, domin da yawa suna ɗauko maudu'in da suke zaton zai burge Turawa, su bar wanda ke ƙofar gidansu. Ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗejia, da wuta-wuta da ke kashe dawa da wake, da ambaliyar da ke cin gonakin Auyo da Ringim, da tumatirin Kadawa da ke ruɓewa a kwando saboda rashin wurin ajiya mai sanyi, duk tambayoyi ne na kimiyya da injiniyanci. Wanda ya tashi yana noma a wurin ya san abin da baƙo zai shekara bai gano ba, kuma yana da manoman da za su ba shi gona ya yi gwaji. Georg Forster ma sharaɗinsa ke nan, binciken ya amfani ƙasar mai nema.

Masu tantancewa maƙalu suke dubawa. Biyu a mujallun da Scopus, wato rumbun bayanai na mujallun ilimi da aka tantance, ta lissafa sun fi goma a waɗanda ake biya su buga cikin mako guda. Ka buɗe lambar ORCID, wato lambar shaida ta mai bincike a intanet, kuma ka ba malamanka wata guda su rubuta maka takardar shaida, bayan ka je ka gaishe su da kanka.

Wanda nauyin iyali ko na iyaye ya hana shi nisa yana iya duba cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, IITA da ICRISAT, a Kano, da Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, ko ya shiga tawagar da ke neman kuɗin bincike na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu.

Idan sabis ba shi da ƙarfi a garinku, ka shiga Dutse ko Kano ka tura takardunka kwana uku kafin a rufe, domin masu ba da tallafin da agogon ƙasarsu suke rufewa. Ka sabunta fasfo, ka fara neman izinin tafiya daga jami'arka tun kafin sakamako ya fito, kuma duk wanda ya ce ka biya shi kuɗi ya samo maka gurbi, ka rabu da shi.