Yadda na sa wa tsohuwar kwamfutata sabon katin hoto

Na'urar ba da wuta ta tsohuwar kwamfutata ta tebur wat 240 kawai take fitarwa, kuma ba ta da wayar nan mai fil 6 da manyan katunan hoto (na'urorin da ke fitar da hoto a fuskar kwamfuta) suke buƙata, shi ya sa na zaɓi katin GTX 1050 Ti na kamfanin NVIDIA, wanda wat 75 na ramin PCIe (ramin da ake saka katin a cikin kwamfutar) ya ishe shi. Da na sanya shi, sai hoton ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, saboda manhajar tsohon katin tana cin karo da sabuwar. Na tayar da Windows a yanayin Safe Mode (inda muhimman manhajoji kawai ke aiki), na goge tsohuwar gaba ɗaya da DDU (manhajar da ke goge manhajojin katin hoto), sannan na sauke manhajar NVIDIA na girka, nan take hoton ya daidaita.