Yadda za ka goge layuka a rumbun bayanai ka bar mafi girma kaɗai a kowane rukuni

A ce kana da teburi a rumbun bayanai na SQL mai suna sakamako, da ginshiƙai uku: id, dalibi, maki. Wasu ɗalibai sun zana jarrabawa sau biyu ko uku, kai kuma makin da ya fi yawa kawai kake so ya rage wa kowa.

Kafin ka taɓa komai, ajiye kwafi, domin DELETE ba ya tambaya sau biyu:

CREATE TABLE sakamako_ajiya AS SELECT * FROM sakamako;

Hanya mafi tsafta ita ce a jera layukan kowane ɗalibi daga babba zuwa ƙarami, a ba su lamba, a goge duk wanda bai zo na ɗaya ba:

DELETE FROM sakamako WHERE id IN (
  SELECT id FROM (
    SELECT id, ROW_NUMBER() OVER (
      PARTITION BY dalibi ORDER BY maki DESC, id DESC) AS matsayi
    FROM sakamako) t
  WHERE matsayi > 1);

Wannan yana aiki a PostgreSQL tun sigar 8.4, a MySQL daga 8.0, a SQLite daga 3.25. Kada ka cire "id DESC". Shi ne ke raba gardama idan an yi kunnen doki. Ɗalibin da ya ci 70 sau biyu, layinsa mai id mafi girma ne zai tsira. In babu shi, rumbun ne zai zaɓa da kansa. Masu dogaro da MAX kaɗai a nan suke tuntuɓe, don layukan biyu duk za su zauna. In kuwa so kake su zauna ɗin, sa RANK a madadin ROW_NUMBER, ka cire "id DESC" daga ORDER BY.

Mai tsohon MySQL 5.7, wanda ba shi da ROW_NUMBER, sai ya haɗa teburin da shi teburin kansa:

DELETE a FROM sakamako a JOIN sakamako b
ON a.dalibi = b.dalibi
AND (a.maki < b.maki OR (a.maki = b.maki AND a.id < b.id));

A babban teburi, sa fihirisa (index) a kan dalibi da maki tukuna, in ba haka ba za ka daɗe kana jira.

NULL, wato gurbin da ba a sa masa komai ba, shi ne ya fi yin ɓarna. PostgreSQL yana ɗora shi a sama idan an jera da DESC, wato layin da ba shi da maki zai zama na ɗaya, a goge na gaske. Rubuta "maki DESC NULLS LAST". A hanya ta biyu kuma layin NULL ba zai gogu ba sam, domin kwatanta shi da lamba ba ya ba da e ko a'a. Duba nau'in ginshiƙin ma: in VARCHAR ne, wato rubutu ba lamba ba, "9" zai fi "85", saboda harafi-harafi ake kwatanta su.

Yi gogewar tsakanin BEGIN da COMMIT, don ba za ta tabbata ba sai an yi COMMIT. Kafin COMMIT, ƙirga layukan da suka rage; in ba RANK ka sa ba, dole su yi daidai da COUNT(DISTINCT dalibi) na kwafin ajiya. In sun saɓa, ROLLBACK, ka soke gogewar. A MySQL, teburi nau'in MyISAM ba ya komawa baya, nau'in InnoDB ne ke yi. Kuma in wani teburi yana rataye da wannan ta ON DELETE CASCADE, layukansa ma za su tafi, don haka shi ma ajiye kwafinsa.