Yadda ake auna bishiyoyi a dajin Ngel Nyaki

Ɗalibin da zai tashi daga Legas zuwa Ngel Nyaki, a tsaunin Mambila na jihar Taraba, ya fara sayen rigar sanyi da takalmin ruwa, domin dajin yana kan tudun da ya haura mita 1,400 daga doron teku. Tashar binciken da ke can tana ƙarƙashin shirin da Jami'ar Canterbury ta New Zealand ke jagoranta, saboda haka a nemi izini tun kafin a kama hanya.

Filin binciken an yanka shi murabba'i-murabba'i, mita 20 kowane gefe. Duk bishiyar da kaurinta, wato faɗin jikinta daga gefe zuwa gefe ta tsakiya, ya kai santimita 1 ana auna ta, a daidai tsayin mita 1.3 daga ƙasa. Ka yanki sanda mai wannan tsayin, kada ka dogara da tsayin ƙirjinka.

A gangare ake yawan kuskure. Ka tsaya ta gefen tudu, domin in ka auna ta gefen kwari tef zai sauka inda gindi ya fi kauri, lissafi ya kumbura. Ka janye kurangar da ta naɗe jikin bishiyar ka zura tef ta ƙarƙashinta, ban da sara. In saiwa ta taso ta yi fuka-fuki, ka hau sama da ita, ka rubuta tsayin da ka auna. In da tef na tela ka auna, raba kewayen da 3.14 don ka samu kaurin.

Ka shafa fenti a wurin awon, ka ɗaura lambar alminiyom sako-sako don kada itacen ya haɗiye ta. Rubutu kuwa da fensir, biro yana zuba a raɓa.