Haɗa kwamfutar tebur ko sayen tokumbo: wuraren da kuɗin mutane ke zubewa a Zariya

Mai neman kwamfutar tebur a Zariya hanya biyu ce a gabansa. Ko ya sayi kaya ɗai-ɗai, modabod (babban faifan da ake soka duk kayan a kansa) da furosesa (ƙwaƙwalwar injin) da RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi) da sauransu, ya harhaɗa abarsa, ko ya ɗauki haɗaɗɗiya, wadda yawanci tokumbo ce da ta gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, irin su HP EliteDesk da Dell OptiPlex da Lenovo ThinkCentre, ya ƙara mata abin da ta gaza. Babu wadda ba ta ɓullewa. Asarar tana farawa ne idan mutum ya zaɓi hanya tun bai zauna ya tambayi kansa aikin da zai yi ba.

Mai shagon buga takardu a Samaru ko Kongo, wanda aikinsa bai wuce Word da cike fom ɗin JAMB da ɗan CorelDRAW ba, ba shi da dalilin harhaɗa sabuwa. Tokumbo mai lafiya ta ishe shi, rarar kuɗin ya sa a firinta. Ɗalibin zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello da zai riƙa buɗe manhajojin zane irin su Revit da Lumion, ko mai tace bidiyon biki, shi lissafinsa daban, don aikinsa a kan katin hoto, wato kayan da ke sarrafa hoton da ke fitowa a allo, ya dogara. Sau da yawa sai ka ga an yi musaya: mai shagon ya kashe kuɗi a kan akwati mai walƙiya da fitilu, ɗalibin kuma ya rungumo 'yar siririyar tokumbo wadda ba za ta taɓa ɗaukar katin da yake buƙata ba.

Sai maganar suna. Ka shiga shago a PZ ko Sabon Gari, abin da za ka fara ji shi ne, "Yallaɓai, wannan fa Core i7 ce." Mai saye ya ji i7, hankalinsa ya kwanta, ya daina tambaya. To i7 ta wace shekara? Lambar da ke bayan sunan furosesar ita ce magana. A i7-3770, ukun farko na nufin zubi na uku, wanda ya fito a 2012. Ita kuwa i3-12100 zubi na goma sha biyu ce, ta 2022, kuma duk da sunanta i3, ta fi waccan i7 ɗin gudu nesa ba kusa ba. Akwai kuma abin da ya ƙara wa lambar nan muhimmanci. Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, shi kuma Windows 11 a ƙa'ida yana neman Intel zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen jerin 2000 zuwa sama, tare da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Masu gyara sun san dabarar cusa shi a tsofaffin injuna, amma wanda zai ciro kuɗi yau gara ya fara daga i5-8500 ko abin da ya fi ta. Kada ka dogara da 'yar takardar da aka manna a jikin akwati, mannawa ba wuya. Ka ce a kunna, a buɗe Task Manager na Windows ko manhajar CPU-Z, ka karanta lambar da idonka.

Babban tarkon masu sayen tokumbo da niyyar "zan ƙara mata kati daga baya" shi ne siririn akwati. Waɗannan injunan an ƙera su ne don teburin ofis. Fawa-fak ɗinsu, wato abin da ke raba wa kayan ciki wuta, yakan tsaya tsakanin wat 180 zuwa 255, ba shi da wayar nan mai fil shida ko takwas da manyan katunan hoto ke sha, kuma tsayin akwatin bai kai na cikakken kati ba. Mutum ya yi tanadi ya sayo RTX 3060, kati mai jan wat 170 shi kaɗai, wanda Nvidia ta ce a ba shi fawa-fak mai wat 550, ya zo gida ya tarar ko murfi ba zai rufu ba. Ya ce to bari in canja fawa-fak, sai ya tarar da wata sabuwa: Dell da HP a yawancin injunan nan ba sa amfani da filogi mai fil 24 da kowa ya sani, nasu na kansu ne, mai fil shida ko takwas, kuma na kasuwa ba ya zama a gurbin. Ana samun wayar da ke haɗa biyun, amma a siririn akwati ina za ka ajiye sabon? Na ga inda aka ɗora shi a waje kan tebur, wayoyi sun zubo ta gefen akwati a buɗe, ƙura na shiga yadda ta ga dama.

Gyaran wannan tun a shago yake. In kana da niyyar kati, ɗauki doguwar, mai faɗin ciki, ka sa a buɗe maka gefe ka karanta adadin wat a jikin fawa-fak. In kuwa siririyar ta riga ta shigo hannunka, sai ka haƙura da katin da ramin modabod zai iya ciyarwa shi kaɗai, wato wanda bai wuce wat 75 ba, kuma gajere: GTX 1650 ko RX 6400 ko RTX 3050 mai giga 6, nau'insu na siririn akwati. Wanda ya san aikinsa ya wuce nan, to shi ne ya kamata ya harhaɗa tasa tun farko.

Wajen ƙara ƙarfi ma ana yawan fara wa ta baya. Kwamfuta na nauyi, sai a ce a canja furosesa, alhali tsohon hadis mai juyawa, ma'ajiyar fayiloli, ne ke riƙe ta. SSD na SATA, ma'ajiyar fayiloli marar juyawa, yana karanta kusan megabait 550 a daƙiƙa, hadis kuwa da ƙyar yake haura 150, kuma wajen buɗe ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka yawa. SSD za a fara sa wa, sannan RAM. Giga 8 guda biyu sun fi giga 16 guda ɗaya, don hanya biyu suke buɗewa. DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, don haka in ta ƙi shiga kada ka danna da ƙarfi.

Masu harhaɗawa nasu kurakuran sun fi tsada, saboda kayan galibi daga Legas ko Kano ake aiko su, mayarwa kuma sai an sha rigima. Furosesa da modabod dole soket ɗinsu, wato gurbin da furosesa ke zama, ya zo ɗaya: Ryzen 5 5600 na AM4 ne, ba ya hawa AM5, shi kuma AM5 DDR5 kaɗai yake karɓa. Modabod na LGA1700 akwai mai DDR4, akwai mai DDR5, sai ka duba kwali. Mafi cin rai shi ne LGA1151, inda zubi na shida da na bakwai ke da modabod ɗinsu, na takwas da na tara ke da nasu, soket iri ɗaya a ido amma ba sa aiki da juna. Furosesar Intel mai harafin F a ƙarshe, kamar i5-12400F, ba ta fitar da hoto sai da kati, haka ma 5600 marar G. Idan kuma akwai kati, a jikinsa ake soka wayar allo, ba a modabod ba. Mutane da yawa sun ɗauki injin lafiyayye zuwa wurin mai gyara a kan wannan kaɗai.

Katin hoto na hannu yana son ido. Akwai jabu, tsohon GTS 450 da aka sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti, kuma manhajar GPU-Z na tona shi. Akwai waɗanda suka yi shekaru suna haƙar kirifto dare da rana, suka cika kasuwa bayan Ethereum ta daina haƙa da kati a Satumban 2022, musamman RX 580. Ba duka ne matattu ba, amma a gwada shi da aiki mai nauyi a gabanka, ka ga zafinsa, ka ji ƙarar fankarsa. GT 1030 ma iri biyu ne, mai GDDR5 da mai DDR4, na biyun ya yi ƙasa sosai.

Ranar haɗawa, ƙananan abubuwa ne ke kashe kaya. Ƙusoshin da ke ɗaga modabod daga jikin ƙarfen akwati a tabbatar suna nan, kuma babu na rara a inda ba rami. Ledar da ke manne a ƙasan abin sanyaya furosesa a ɓare ta kafin a shafa man zafi, wanda ake sa wa tsakaninsa da furosesa, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake ya isa. A hunturu, lokacin da ko mayafi ka ja sai ya yi tartsatsi, ka taɓa ƙarfen akwati kafin ka ɗauki RAM ko furosesa.

Abin da bidiyon YouTube na Turawa ba zai gaya maka ba shi ne wutarmu. Mutum ya zuba dukiya a furosesa da kati, da ya zo kan fawa-fak sai ya ɗauki mafi arha, marar nauyi, an rubuta wat 650 a jiki ba sunan kamfanin kirki. Kamar ka gina bene ne a kan tubalin da bai sha siminti ba. A garin da ake ɗauke wuta a dawo da ita da ƙarfi, ko ta zo rabi-rabi fitila na ja, fawa-fak ne ke karɓar dukan farko, kuma marar kyau in zai mutu yakan tafi da modabod. Nemi mai shaidar 80 Plus daga kamfanin da aka sani. Ka sa UPS, mai batirin da ke riƙe injin in an ɗauke wuta, a lissafi tun ranar farko, kuma ka san cewa mai 650VA abin da yake ɗauka bai kai wat 400 ba, ba zai riƙe injin mai babban kati da allonsa ba. In layinku yana yawan ƙasa, sitabilaiza ta shiga gaba. Ƙaramin janareta kai tsaye ba komai a tsakani, wannan ganganci ne.

Tsofaffin tokumbo daga Amurka wasu suna da ɗan jan makunni a bayan fawa-fak, gefe ɗaya 115, ɗaya 230. Wutarmu 230 ce. In yana kan 115 ka soka, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi. Duba shi kafin komai.

Wanda ke kan sola da inbata kuma ya yi tunani sau biyu kafin ya haɗa babban inji mai jan wat 300 zuwa sama. 'Yan ƙananan nan masu girman littafi, OptiPlex Micro ko ThinkCentre Tiny ko EliteDesk Mini, furosesarsu mai harafin T wat 35 take ci, kuma sun isa duk aikin ofis. RAM irin na laftof suke ɗauka, kati kuma babu wurinsa.

Ƙurar hunturu da zafin Maris da Afrilu suna haɗuwa su toshe fanka, injin ya riƙa mutuwa da kansa ana tsakar aiki. A ɗaga akwati daga ƙasa, a hure shi da abin hura iska kafin hunturu da bayansa, a riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa. Tokumbo kuwa man zafinta ya daɗe da bushewa, a canja shi.

Kafin ka biya, ka sa a shiga BIOS, shafin saitin injin da ake buɗewa kafin Windows ya tashi, a gabanka, don wasu injunan ofis suna zuwa da kalmar sirri a kulle. Ka duba lafiyar hadis ko SSD da manhajar CrystalDiskInfo, ka soka filash a kowace kafar USB, gaba da baya. In agogonta na komawa wata tsohuwar shekara duk sanda aka cire wuta, ƙaramin batirin CR2032 ne ya mutu, ba abin tsoro ba ne, a canja maka nan take. Sannan mai shago ya rubuta lambar injin da kwanakin gwaji a rasit, ya sa hannu.