Darasi na 9: Abin da hanta ke yi da magani

Hanta tana gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari, nauyinta a jikin babba ya kai wajen kilo ɗaya da rabi. Maganin da ka haɗiye, in ya bar hanji, can yake fara biyawa. Ita ke farfasa shi, a fitar da shi ta fitsari ko bayan gida.

Da wasu sinadarai da ake kira enzayim take wannan aiki. Babbansu CYP3A4 ne, kuma magunguna da yawa ta hannunsa suke bi. Yawansa a hanta yana ƙaruwa yana raguwa. Cikin kowace ƙwayar halitta akwai cibiya, inda aka ajiye umarnin gado. Akwai wani furotin mai suna PXR, wanda masana suka gano a 1998, aikinsa kamar na mai gadi ne. In wani magani ya manne masa, sai ya je ya zauna kan umarnin gadon nan, ya sa a ƙera enzayim da yawa. Ɗan'uwansa CAR ma haka yake yi, shi kuma Gardénal, maganin farfaɗiya, ke tayar da shi.

Ga inda abin ya shafe mu a nan Tawa. Mai tarin fuka yana shan magani wata 6, a ciki akwai rifamfisin, wanda ke sa fitsari ya yi ja-ja kamar ruwan goro (wannan launi ba cuta ba ce, kada ya tsorata kowa). Rifamfisin yana tayar da PXR da ƙarfi. Cikin mako ɗaya zuwa biyu hanta ta cika da enzayim, maganin da ke bi ta hannunsu sai a farfasa shi da sauri, tun bai gama aikinsa ba.

Ƴar'uwa, in kina shan ƙwayar tazarar haihuwa, ko an sa miki na dantse ƙarƙashin fata, ki sani rifamfisin na rage musu ƙarfi, ciki na iya shiga kina tsakiyar jinya. Ba ki yi sakaci ba, hantarki ce ta ƙara sauri. Allurar wata 3 da wanda ake sawa cikin mahaifa su ba ya taɓa su. Ki gaya wa ungozoma tun ranar farko. Ko an gama maganin tari, hanta ba ta komawa daidai nan take, shi ya sa ake cewa a ci gaba da kiyayewa har kwana 28.

Mai shan dolutegirabir na ƙanjamau, in tarin fuka ya haɗu masa, likita kan mayar masa da shi sau biyu a rana. Kada kowa ya bar maganin tari don jin wannan darasi. Abin yi shi ne, in za ka asibiti, ka zuba duk magungunanka a leda, har da na gargajiya da na tebur, ka nuna wa likita.

Aiki: Rubuta sunan kowane magani da ake sha a gidanku, da sau nawa ake shansa a rana. Ka zo da takardar a darasi na gaba.